Tarihin Zazzaɓin Kaska

Yau za mu ba ku tarihin wani zazzaɓi wanda kaska ke kawowa, ana kiransa zazzaɓin Kirimiya da Kwango.

A shekarar 1944 aka fara lura da shi a Kirimiya, bakin Baƙin Teku, inda ya kama sojoji wajen 200 masu taimakon manoma girbi. A 1956 aka sami ƙwayar cutar a jinin wani yaro a ƙasar Kwango. Sai a 1969 masana suka gane ashe cuta ɗaya ce, suka haɗa mata sunayen biyu.

To, ba ta tsaya can ba. Cikin shekarun 1960 masana a Ibadan suka same ta jikin kaska da jinin shanu da awaki. A 2016 kuma aka ba da labarin alamarta a jinin mutane a jihar Barno.

Ga inda haɗarin yake: dabba takan ɗauke ta ba ta nuna ciwo. Amma in ta shiga mutum, sai zazzaɓi da ciwon kai, ƙwayoyin da ke daskarar da jini su ragu, haɓo ya ɓarke. Cikin goma, ɗaya zuwa huɗu kan mutu.

Saboda haka makiyaya da mahautan Kafin Hausa, kada ku murje kaska da yatsa. Wanda zazzaɓi ya kama bayan cizonta ko bayan fiɗa, maza ya zo ɗakin shan magani, ya faɗa wa malamin asibiti.