Daga majigin dandali zuwa wayar HDMI

In ka taɓa zama a ɗakin da ɗalibai ke kare furojet, ka san wannan yanayin: malamai sun hallara, an jona laftof da majigi, amma bango ya ƙi nuna komai sai shuɗi. Ni ma ya faru da ni a shekarar ƙarshe ta digirina na farko, sai da aka aro wata 'yar waya kafin na buɗe baki. To, wannan matsala tana da tarihi, ita ma kalmar majigi haka.

Majigi daga Turanci muka aro ta, daga "magic lantern", wata fitila mai haska zanen da ke jikin gilashi a bango. Ana danganta ƙirƙirarta ga masanin Holan Christiaan Huygens, wajen 1659. A Nijeriya kuwa, a ƙarshen shekarun 1920 wani jami'in lafiya a Legas, William Sellers, ya fara amfani da fim don faɗakarwa kan annobar da ɓeraye ke yaɗawa. Da Ingila ta kafa sashen fina-finan mulkin mallaka a 1939, shi aka ba jagorancinsa.

Daga nan motocin majigi suka riƙa zaga garuruwa da ƙauyukan Arewa. Bayan magariba a kafa farin allo a dandali, a tada janareta, tafinta yana bayani da Hausa ta lasifika. Ana nuna tsafta, rigakafi da noman zamani. Baban Larai, fim ɗin shekarun 1950, noman auduga ya koyar, abin da manomin Talata Mafara, Bakura ko Maradun ya sani sarai. In kana da dattijo a Garbadu, tambaye shi ko ya taɓa kallon majigi.

Lura da abu ɗaya: mai majigi da kayansa duka yake zuwa, fim da injin haskawa an yi su don juna. Kai kuwa yau na'urori biyu kake haɗawa, kowacce da kamfaninta da zamaninta.

A 1987 kamfanin IBM ya fito da VGA, wato wayar nan mai shuɗin kai da allurai 15. A shekarar ne kuma aka fara sayar da PowerPoint. VGA tana aika ja, kore da shuɗi kowanne ta layinsa, a matsayin wutar lantarki mai hawa da sauka, kuma ba ta ɗaukar sauti. A ƙarshen 2002 wasu kamfanoni, ciki har da Sony, Philips da Toshiba, suka fitar da HDMI mai allurai 19, wadda ke kai hoto da sauti tare cikin lambobin sifili da ɗaya. A 2010 Intel da AMD suka sanar za su daina tallafa wa VGA zuwa 2015.

Ka ga inda gizo ke saƙar ke nan. Makaranta kan sayi majigi ta yi shekaru tana amfani da shi, laftof kuwa sabon samfuri yake shigowa kullum, da yawa babu ramin VGA. Harshen biyun ba ɗaya ba ne, dole a sa tafinta a tsakani: ƙaramar na'ura mai juya lambobi zuwa wuta. Kuma hanya ɗaya take aiki. Wadda ke kai HDMI zuwa VGA ba za ta yi maka akasin haka ba, don haka ka duba kafin ka biya kuɗi.

Saboda haka kwana ɗaya kafin gabatarwarka, je ka leƙa bayan majigin ka ga irin raminsa. In ka jona bai nuna ba, zaɓi mashigar da ta dace a rimot, sannan ka danna Windows da P tare, ka zaɓi nuna allon a wuri biyu. In VGA ce kuma akwai bidiyo a aikinka, ka taho da lasifikarka.