Daga Adaka zuwa Bindigar Aljihu: Yadda Doka ke Ƙera Makami

A zamanin da Namoda, jarumin jihadi, yake gwabza yaƙi a ƙasar Zurmi, farkon ƙarni na 19, kibiya da mashi da takobi ne ke raba gardama, bindiga kuwa sai ɗaiɗaiku. Baturen nan Clapperton, wanda ya ratsa Zurmi a 1824, ya ga rundunar Sarkin Musulmi Bello a 1826 da 'yan bindigogi ƙalilan. Irin bindigar da ta cika ƙauyukan Shinkafi da Ƙaura daga baya, ba maƙeri ne ya zaɓe ta ba, doka ce ta zaɓa masa. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana Turawa sayar wa mutanen wannan sashe na Afirka bindigogin zamani, amma ta bar ƙofa ga mai ɗurin baki da albarushi. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta bi sawu: adaka tana ƙasan jeri, lasisinta na hannun kwamishinan 'yan sanda, ita kuwa ƙaramar bindigar hannu an jera ta cikin haramtattu tare da mashinga, sai da izini daga ƙoli. Shi ya sa abin da maharbi ya gada shi ne doguwar harba-ka-ruga, ta aljihu kuma ta koma sana'ar ɓoye.

Amurka ma ta ga irin wannan. A 1968 majalisarta ta toshe shigo da ƙananan bindigogi masu araha daga Turai, amma ba ta ce uffan ba kan ƙera su a gida. Sai George Jennings ya kafa kamfanin Raven a Kalifoniya a 1970, ya ɗauki harsashi mai milimita 6.35, wanda John Browning ya fito da shi tun farkon ƙarnin don bindigar aljihu ta kamfanin FN na Beljiyam, ya yi masa gida da gaurayen ƙarfe mai saurin narkewa da ake zubawa maimakon a sassaƙa. Harsashin ba shi da ƙarfi, don haka ƙarfe mai rauni ya ishe shi. A nan arahar take. Kafin gobara ta cinye masana'antar a 1991, an fitar da miliyoyin bindigogi.

Wani zai ce wannan tsohon zance ne, tunda abin da ya hana Zurmi da Shinkafi barci yau AK-47 ce, musamman bayan rushewar Libiya a 2011. Gaskiya ne, sai dai hakan ƙarfafa batun yake yi: mai kuɗin fansa yana sayen ta fasa-ƙwauri, manomi da ɗan sa-kai kuwa suna komawa maƙera, inda suke samun abin da ke iya fashewa a hannun mai shi. Wani kuma zai ce da babu dokar da abin ya fi haka muni. Ban musa ba, kuma ba na cikin masu son a sakar wa kowa makami. Amma dokar 1959 ɗin ta ba Sufeton 'Yan Sanda ikon yi wa maƙeran adaka rajista, abin da zai sa a san wa ya ƙera, wa ya saya. Maimakon a raya wannan sashe, a Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta Gwamna Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga, 'yan sanda kuma suka amsa cewa an daɗe da dakatar da bayarwa.