Hannun Sama da Hannun Ƙasa: Tarihin Muhawarar Tallafin Waje a Kaduna, 1962 zuwa 2004

Gabatarwa

 

A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafin da take bai wa ƙasashen waje, sannan a watan Yuli ta rufe hukumar USAID, wadda aka kafa tun 1961. Asibitoci da sansanonin 'yan gudun hijira a Arewacin Nijeriya sun ji a jikinsu. Nan take tsohuwar muhawara ta farfaɗo a masallatai da zaurukan Kaduna: wasu na cewa gwamma haka, dama can tallafin tarko ne, wasu kuma na tambayar inda mai tarin fuka zai samu maganinsa gobe.

Wannan muƙala ta bibiyi muhawarar a zango huɗu na tarihin birnin Kaduna. Abin da take son tabbatarwa shi ne, mun fi yawan tsayawa a kan niyyar mai bayarwa, alhali niyya gaibu ce, mun bar abubuwan da fiƙihu ya ɗora mana dubawa: sharaɗin da ke tare da kyautar, da sahihancin labarin da ake ba mu game da ita, da kuma abin da muke da shi a hannunmu idan muka ce ba ma so.

Mizanin shari'a

Asali a wajen fuƙaha'u shi ne halaccin karɓar taimako daga wanda ba Musulmi ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi kyautar Muƙauƙis mai mulkin Masar. Ya ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ja-gora a hanyar Hijira yana kan addinin mutanensa. Ya kuma ari sulkuna a wurin Safwanu ɗan Umayya gabanin yaƙin Hunaini, kafin Safwanu ya musulunta. A Shekarar Toka, wato shekara ta 18 bayan Hijira, Halifa Umar ya nemi agajin abinci daga lardunan daula, bai ga ƙasƙanci a cikin haka ba. A ɗaya ɓangaren, aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta nuna gori da cutarwa suna ɓata sadaka, aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta wajabta tantance labari kafin a yi aiki da shi, hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito kuma ya fifita hannun da ke bayarwa a kan wanda ke karɓa. Da wannan mizani za mu auna abin da ya gudana.

Zango na farko: zamanin Sardauna

A 1962 Kaduna ce fadar gwamnatin Jihar Arewa. A shekarar aka kafa Jama'atu Nasril Islam a birnin, bisa jagorancin Firimiya Sir Ahmadu Bello da himmar malamai irin su Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalai a wannan shekarar. A shekarar dai aka kafa Rabiɗatul Alamil Islami a Makka, inda Sardauna ya riƙe muƙamin mataimakin shugaba. Ta wannan ƙofa gudunmawa ta riƙa zuwa daga Saudiyya da Kuwait domin masallatai da makarantu da aikin da'awa.

Sai dai Sardauna bai taƙaita ga Larabawa ba. Amurka ta yi alkawarin dala miliyan 225 ga shirin raya ƙasa na 1962 zuwa 1968, kuma Arewa ta samu rabonta: malaman Jami'ar Jihar Kansas sun taimaka wajen kafa tsangayar aikin gona da ta likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Haka kuma ya ƙi taimakon Isra'ila a fili, a daidai lokacin da gwamnatocin Yamma da Gabas suka karɓa. Abin lura shi ne, gwamnatin da ke Kaduna tana iya cewa "na karɓa" a nan, ta ce "na ƙi" a can, domin tana da kuɗin gyaɗa da auduga da haraji da jangali. Mai abinci a rumbunsa shi ke zaɓen gayyatar da zai amsa.

Amma akwai rauni a ginin. Kuɗin da'awa sun dogara ne ga martabar mutum ɗaya a idon sarakunan Larabawa. An gina masallatai da azuzuwa, ba a gina musu wakafin da zai ɗauki nauyinsu ba. Da aka kashe Sardauna a gidansa na Kaduna ranar 15 ga Janairun 1966, aikin ya girgiza. Bayan haka, saboda taimakon Larabawa ya fi bin hannun wasu malamai fiye da wasu, sai ya shiga cikin saɓanin da ya ta'azzara tsakanin malaman ɗariƙu da masu sukarsu, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Kyautar ɗan'uwa Musulmi ma tana da inuwa, kuma ba a cika tattauna wannan a fili ba.

Zango na biyu: yaƙin basasa

Yaƙin basasa ya fara a watan Yulin 1967, ya ƙare a Janairun 1970. Daga Kaduna aka shirya runduna ta ɗaya da ta shiga fagen daga ta arewa, gidan Rediyon Kaduna da jaridar New Nigerian kuma su ne muryar Arewa a kan yaƙin. A nan ne mutanen birnin suka fara ganin yadda agaji ke zama makami.

Gwamnatin Biyafara ta ɗauki kamfanin Markpress na birnin Janeba domin yaɗa labarinta a Turai. Daga tsakiyar 1968 hotunan yara masu tamowa suka cika jaridun Ingila da Faransa da Amurka, aka kuma riƙa bayyana yaƙin a matsayin farmakin Musulmi a kan Kiristoci, duk da cewa shugaban ƙasa, Janar Yakubu Gowon, Kirista ne, haka ma da yawa daga cikin sojojinsa. Gamayyar majami'u ta shirya jigilar abinci ta sama daga tsibirin Sawo Tome zuwa filin jirgi na Uli, sawu sama da dubu biyar, cikin dare, a filin da jiragen makamai ma suke sauka. Wani matuƙi ɗan Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya fara da jigilar abinci, ya ƙare da kai hari da ƙananan jiragen yaƙi a 1969. Da yaƙi ya ƙare, Gowon ya ƙi karɓar agaji daga ƙasashe da ƙungiyoyin da suka mara wa Biyafara baya, aka kuma kori 'yan mishan da dama.

Daga nan ne zargin ƙungiyoyin agaji ya yi saiwa a zukatan 'yan Arewa, kuma yana da tushe. Amma adalci, wanda aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta wajabta ko a kan abokin gaba, yana tilasta mana faɗin ragowar gaskiyar. Yunwar Biyafara ba ƙage ba ce. Ɗimbin yara sun mutu saboda toshe hanyoyin abinci. Kashe-kashen da aka yi wa 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa a 1966, har da Kaduna, su ma sun faru. Ƙaryar da farfaganda ta yi game da dalilin yaƙin ba ta mayar da yaron da ke hoton ƙarya ba. Ba mu ga wani gagarumin yunƙuri na ƙungiyoyin Musulmi na kai wa waɗannan yara abinci ba, da kuwa an yi, da ya fi kowace maƙalar jarida rusa farfagandar.

Zango na uku: muhawarar bashin IMF

Bayan juyin mulkin 27 ga Agustan 1985, Janar Ibrahim Babangida ya buɗe muhawara ga jama'a a kan karɓar bashin sama da dala biliyan biyu daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Jaridu da ƙungiyoyin ƙwadago da malaman jami'a suka shiga. Dokta Yusufu Bala Usman na Zariya yana cikin fitattun masu adawa. A watan Disamba gwamnati ta sanar da cewa ta ƙi bashin. Jama'a suka yi murna. A 1986 sai aka ƙaddamar da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, wanda ya ƙunshi jigon sharuɗɗan Asusun: karya darajar naira, rage tallafin gwamnati, rushe hukumomin sayen amfanin gona, da sassauta shigo da kaya.

Wato an ƙi sunan, an karɓi ma'anar, alhali ƙa'idar fuƙaha'u ita ce abin dubawa a ƙulle-ƙulle manufofi ne da ma'anoni, ba lafuzza ba. Kaduna ta biya farashi mai tsada. Masaƙun Kakuri, da suka tara dubban ma'aikata daga kowace ƙabila da addini a ƙarƙashin rufi ɗaya, suka shiga durƙushewa saboda tsadar kayan gyara, ƙarancin wuta da kwararar atamfar fasa-ƙwauri. Masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002. UNTL ta biyo baya a 2007. Matasan da a da za su gaji iyayensu a masaƙa suka zama 'yan zaman kashe wando, a birnin da siyasar addini ke ƙara zafi.

Zango na huɗu: kogi ya zama iyaka

Rikicin da ya ɓarke a watan Fabrairun 2000 a kan batun aiwatar da Shari'a ya ci rayuka sama da dubu, ya kuma sake zana taswirar birnin. Musulmi da yawa suka ƙaura zuwa arewacin kogi, irin su Tudun Wada, Rigasa, Kawo da Unguwar Sarki. Kiristoci suka koma kudanci, irin su Sabon Tasha, Narayi da Unguwar Romi. Daga nan Kaduna ta zama matattarar ƙungiyoyin sulhu masu samun kuɗi daga waje. Ranar 22 ga Agustan 2002 shugabannin addini 22, rabi Musulmi rabi Kiristoci, suka sa hannu a Sanarwar Zaman Lafiya ta Kaduna, da taimakon cibiyar sulhu ta majami'ar Coventry da ke Ingila da cibiyar Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye. Wata uku kacal bayan haka rikicin gasar sarauniyar kyau ya ci rayuka sama da ɗari biyu. Sanarwar ta yi amfani, domin ta samar da shugabannin da ke iya kiran juna a waya idan hankali ya tashi. Amma sulhun otal bai kai ga matashin lungu da ba shi da sana'a ba.

A cikin wannan yanayi, ga kuma yaƙin Afganistan da na Iraƙi a kunnen kowa, batun rigakafin shan inna ya taso. A 2003 Majalisar Ƙoli ta Shari'a, ƙarƙashin Dokta Ibrahim Datti Ahmad, ta yi zargin cewa an gurɓata maganin da abin hana haihuwa. Jihohin Kano, Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin. Tsoron jama'a yana da tarihi: a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200, yara 11 suka rasu, shari'ar kuma ta ƙare da sulhun dala miliyan 75 a 2009. Mutane kuma suna tambayar dalilin bin su gida-gida da ɗigo kyauta alhali maganin zazzaɓin cizon sauro sai an saya.

Neman tabbaci haƙƙi ne, har ma wajibi. Sai dai an yanke hukunci kafin a kammala binciken. Kaduna ta koma rigakafin da wuri, Kano kuwa sai a ƙarshen Yulin 2004, da magani daga Indunusiya. Yaran da cutar ta shanye a Nijeriya sun tashi daga kimanin 200 a 2002 zuwa sama da 1,000 a 2006, ƙwayar kuma ta bazu zuwa ƙasashe kusan ashirin, cikinsu har da Yaman da Indunusiya. An bar tabbatacciyar cuta saboda gudun wadda ake zato, kuma 'ya'yan Musulmi ne suka gurgunce. Al'amarin ya gyaru ne da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya jagoranci kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya daga 2009, har aka ayyana Afirka ta kuɓuta daga ƙwayar shan inna ta asali ranar 25 ga Agustan 2020.  Masu kai maganin ne suka zama waɗanda jama'a ta amince da su.

Kammalawa

Zangunan nan huɗu sun nuna cewa karɓa ido rufe da ƙi ido rufe duk sun cutar da mu. Abin da ya dace da cibiyoyin ilimin Musulunci a yau abu uku ne. Na farko, su horar da malaman da ke iya karanta yarjejeniyar bashi ko ta tallafi sharaɗi bayan sharaɗi, kamar yadda suke karanta babin ciniki a Muhtasar na Halil. Na biyu, kada fatawa a kan magani ko tattalin arziki ta fita sai tare da ƙwararrun fannin da ɗakin gwajin da aka amince da shi; tantancewar da Alƙur'ani ya yi umarni da ita tana buƙatar kayan aiki. Na uku, kuma shi ne tushe, a raya wakafi da zakka bisa tsari da hisabi na fili. Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma ya mallaka wa Musulmi, Sayyidina Umar ya yi wakafin gonarsa ta Haibara, Azhar kuma ta rayu ƙarnoni a kan wakafi. Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, Sakkwato ma tana da tata. Saura a tambayi nawa ake tarawa, kuma ina yake zuwa.

Attajiran da ke tsakanin Kasuwar Gumi da Unguwar Rimi suna da ikon ɗaukar nauyin asibitin yara da makarantar koyon sana'a wadda ƙofarta za ta buɗe ga mazauna gaɓar kogin biyu. Al'ummar da ke ciyar da mabuƙatanta da na maƙwabtanta ita ce ke iya zama da mai ba da tallafi ta ce masa ga sharaɗin da ta yarda da shi, ga wanda ba ta yarda da shi ba. Allah ne Mafi sani.