Tudun Joss da Asalin Unguwar New Bell

Baƙon da ya sauka a unguwar Hausawa ta New Bell a Duwala, in yana so ya san mafarin unguwar, sai ya hau Tudun Joss, inda ake kira Bonanjo. Daga can zai hangi kogin Wuri da jiragen ruwa.

A ran 12 ga Yuli 1884 sarakunan Duwala suka sa hannu a yarjejeniya da Jamusawa. A kan tudun nan Jamusawa suka kafa gidan gwamna, garin ya zama babban birnin Kamaru har 1901, sa'ad da aka koma Buya. Har yau fadar Sarki Manga Ndumbe, wadda aka gina a 1905, tana tsaye, ana ce da ita La Pagode. Kusa da ita akwai makabartar sarakunan gidan Bell.

A 1910 Jamusawa suka shirya su raba 'yan ƙasa da bakin kogi, wai don su tsare Turawa daga zazzaɓin cizon sauro. Suka keɓe musu wani fili a baya, suka bar tazarar kilomita 1 tsakani. Filin nan shi ne New Bell.

Sarki Rudolf Duala Manga Bell, Kirista ne wanda ya yi karatu a Jamus, ya ƙi yarda. Ya ce yarjejeniya ta bar ƙasa a hannun masu ita, ya kuma kai kuka majalisar Jamus. Aka tuɓe shi, aka tuhume shi da cin amanar gwamnati. Bishop Vieter na Katolika da 'yan mishan na Basel da na Baftis suka roƙa a bar shi da rai, amma Gwamna Ebermaier ya toshe kunne. A ran 8 ga Agusta 1914 aka rataye shi tare da magatakardansa, Ngoso Din. Mai karatun Littafi Mai Tsarki zai tuna da Nabot da gonar inabinsa.

Ko wata biyu ba a yi ba, sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace Duwala. Wurin da 'yan ƙasa suka ƙi ya zama masaukin baƙi: Hausawa, Bamileke, Basa da sauransu. Saboda haka ya kamata ɗan New Bell, Kirista ko Musulmi, ya san cewa masaukinsa da jinin mai gida aka biya shi.