Larurar ji da kai: Abin da ke haddasa ta da yadda waɗanda ta cutar ke farfaɗowa

Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe suna nazari a kan wasu mutane da ke ganin babu kamarsu, waɗanda ba sa ƙoshi da yabo, ba sa jure wa gyara, kuma ba sa jin zafin abin da suka yi wa wani.

A waje, irin wannan mutum yakan kasance mai fara'a da kyauta da iya zance. A gida kuwa inuwar giginya ne, na nesa ka sha ta. Wannan ne ya sa matar aure ko ɗa ko ƙaramin ma'aikacin da ya kai kukansa game da shi ba kasafai ake gaskata shi ba.

Asalin sunan

Sunan da Turawa suka ba wannan hali ya samo asali ne daga wata tatsuniyar Girkawa game da wani kyakkyawan saurayi mai suna Narsisas, wanda ya wulaƙanta duk masu ƙaunarsa. Wata rana ya ga fuskarsa a cikin ruwa, sai son kansa ya kama shi, ya kasa tashi daga wurin har ya mutu.

A shekarar 1914 ne Sigmund Freud, likitan nan na Ostiriya, ya wallafa maƙala ta musamman a kan lamarin. To amma sai a 1980 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi cikin kundinta na cututtuka a matsayin larura mai zaman kanta.

Kundin ya lissafa alamomi 9, kuma sai mutum ya haɗa aƙalla 5 kafin likita ya ce yana da larurar. Daga ciki akwai kambama kai fiye da kima, da mafarkin mulki ko ɗaukaka marar iyaka, da jin cewa dole a fifita shi, da amfani da mutane don biyan buƙata, da hassada, da rashin tausayi.

Alƙaluma sun sha bamban. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2008, wanda ya shafi mutane fiye da 34,000, ya gano larurar a kashi 6.2 cikin 100 na waɗanda aka tambaya, yayin da wasu nazarce-nazarcen suka samu ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Kundin ya ce kashi 50 zuwa 75 cikin 100 na waɗanda ake tabbatar musu da ita maza ne. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya, a sabon kundinta da ya fara aiki a 2022, ta daina ware larurar da sunanta, inda ta koma auna tsananin matsalar halayyar mutum baki ɗaya.

Ya kamata a lura cewa ba kowane mai girman kai ne ke da larurar ba, ba kuma kowane azzalumin miji ba. Kalmar ta yi araha a shafukan sada zumunta, har ta zama abin jifar duk wanda aka yi saɓani da shi. Su kansu likitocin Amurka, tun 1973 ƙa'idar aikinsu ta hana su yanke hukunci a kan lafiyar ƙwaƙwalwar wani fitaccen mutum da ba su duba shi ba.

Me ke haddasa ta?

A shekarun 1970, wasu likitoci biyu haifaffun birnin Vienna da suka yi aiki a Amurka, Heinz Kohut da Otto Kernberg, sun yi fice a wannan fage. Duk da saɓanin da ke tsakaninsu, sun haɗu a kan cewa ji da kan wani sulke ne da ke rufe rauni. A ganinsu, yaron da ya tashi bai samu kulawa da tausayin iyaye ba shi ne ke gina wa kansa wannan katanga, don kada ya sake jin ƙasƙanci.

Sai dai wani bincike da Eddie Brummelman na Jami'ar Amsterdam da abokan aikinsa suka wallafa a 2015 ya nuna wata hanyar daban. Sun bi diddigin yara 565 a ƙasar Holan tare da iyayensu, ana yi musu tambayoyi duk bayan wata shida har sau huɗu. Sun gano cewa yaran da iyayensu ke ɗaukarsu a matsayin waɗanda suka fi sauran yara daraja su ne ji da kai ke ƙaruwa a gare su. Waɗanda kuwa ake nuna musu ƙauna ba tare da fifita su a kan kowa ba, sukan tashi da natsuwa da yarda da kai irin mai kyau. Binciken da aka yi a kan tagwaye kuma ya nuna cewa gado ma yana da nasa kason.

Masana a yau suna magana a kan fuskoki biyu. Akwai mai bugun ƙirji, wanda kowa ke ganin isarsa. Akwai kuma mai noƙe-noƙe, mai saurin jin an raina shi, wanda kullum ke ganin duniya ba ta ba shi haƙƙinsa ba. Na biyun ya fi wuyar ganewa, domin yakan zo ne a rigar wanda aka zalunta.

Abin da ya haɗa su shi ne yadda suke ɗaukar suka. A 1998, Brad Bushman da Roy Baumeister sun sa ɗalibai rubuta insha'i, aka yaba wa wasu, aka kushe wasu, sa'annan aka ba kowa damar sakar wa wanda ya duba aikinsa ƙara mai ciwon kunne. Masu ji da kan da aka kushe su ne suka fi kowa tsananta ramuwa.

Malaman Musulunci ma sun tattauna makamancin wannan hali tun da daɗewa. Imam Al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a littafinsa Ihya'u Ulumiddin a kan aibin girman kai da ujubu, ko da yake shi yana magana ne a kan cutar zuciya da ke buƙatar tuba da tarbiyya.

Yadda cutarwar ke gudana

Waɗanda suka zauna da irin waɗannan mutane kan ba da labari kusan iri ɗaya. Da farko akwai tarairaya da kyaututtuka da alkawura. Sannu a hankali sai a shiga kushe: girki bai yi ba, magana ba ta yi ba, dangi ba su da kirki, ƙawaye munafukai ne. Kafin a ankara an raba mutum da duk wanda zai iya kai wa kuka, an kuma riƙe masa kuɗi ko wayar salula.

Makami mafi illa shi ne sa mutum ya riƙa shakkar hankalinsa. Za a faɗi magana yau, gobe a rantse ba a faɗa ba. Sunan da ake kiran wannan dabara da Turanci ya fito ne daga wasan kwaikwayon Gas Light na Patrick Hamilton na 1938, wanda aka mayar fim a Amurka a 1944, inda wani miji ya yi ta ƙoƙarin shawo kan matarsa cewa ta samu taɓin hankali.

Idan kuma aka tunkare shi da laifinsa, sai reshe ya juye da mujiya. Jennifer Freyd ta Jami'ar Oregon ta bayyana wannan salo a 1997: mai laifin zai musanta, ya far wa mai ƙorafin, daga nan ya mai da kansa wanda aka cuta.

Tambayar da jama'a suka fi yi ita ce, me ya hana ta tafiya? Wasu masana biyu a Kanada, Donald Dutton da Susan Painter, sun ba da amsa a 1981. Sun ce idan ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, kuma yana cizo yana hurawa, shaƙuwar da ke ƙulluwa takan fi ta zaman lafiya wuyar kwancewa. Ranar daɗi guda bayan mako uku na gaba da ɗaure fuska takan sa wanda ake cutarwa ya ɗauka cewa mutumin da ya sani da farko ya dawo. A kan wannan kuma sai a ƙara 'ya'ya, da rashin abin hannu, da gudun surutun mutane.

Abin da doka ta ce

Faransa ta mayar da azabtar da abokin zama ta hanyar tunani laifi a 2010. A 2015, Ingila da Wales suka kafa dokar da ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5 ga wanda ya mallake rayuwar abokin zamansa ta hanyar tursasawa, ko da bai taɓa ɗaga masa hannu ba. A wannan shekarar ce kuma Najeriya ta kafa dokar haramta cin zarafin jama'a, wadda ta ambaci cin zarafi da baki da na tunani, kuma jihohi da dama suka amince da ita daga baya.

A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na arewacin Najeriya ke aiki da shi, mace na iya neman alƙali ya raba aure saboda cutarwa, kuma malamai sun sanya zagi da ƙaurace mata ba bisa dalili ba a cikin cutarwar.

Hanyar farfaɗowa

Judith Herman, likitar ƙwaƙwalwa a Jami'ar Harvard, ta zayyana matakai uku a littafinta na 1992, kuma har yanzu masu ba da shawara na dogaro da su.

Na farko shi ne tsira. Babu batun warkewa muddin ana cikin cutarwar. Masu aikin kare mata na gargaɗin cewa lokacin rabuwa yana daga cikin lokuta mafi haɗari, don haka suna ba da shawarar a shirya a asirce, a sanar da wani amintacce, a adana takardu da saƙonni. Rubuta abin da ya faru da ranar da ya faru yana taimaka wa wanda aka daɗe ana ƙaryata shi ya sake amincewa da tunaninsa. Sukan kuma hana zaman sulhu irin na gaba da gaba idan akwai tsoro a tsakani, domin wanda ya fi iya baki shi ke rinjaye, abin da aka faɗa a zauren kuma a gida za a biya shi. Dangin da maganarsu ba ta wuce "ki yi haƙuri" sau da yawa ba su san nauyin abin da suke ɗora wa 'yarsu ba.

Inda rabuwa ta yiwu, ana so a yanke hulɗa gaba ɗaya. Inda akwai 'ya'ya, a taƙaita magana a kan abin da ya shafe su, ba tare da shiga musu ba, kuma a bi ta hannun waliyyi ko wani dattijo idan da hali.

Mataki na biyu shi ne ba da labarin abin da ya faru a gaban wanda zai saurara, da yin juyayin shekarun da suka salwanta. A nan ne rashin barci da firgita da zargin kai, har ma da kewar wanda ya yi cutarwar, kan taso, kuma likitoci sun ce wannan ba alamar rauni ba ce. Ana samun masu kula da irin wannan a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Maiduguri da Kware a jihar Sakkwato, da kuma asibitocin koyarwa. Na uku shi ne komawa cikin jama'a: zumunci, karatu, sana'a.

Shin mai larurar na canzawa?

Babu wani magani na sha da aka amince da shi musamman don wannan larura. Abin da ake yi shi ne zaman tattaunawa da ƙwararre na tsawon lokaci, kuma da yawansu ba sa zuwa, ko su bari a tsakiya, tunda ba su yarda suna da matsala ba.

Wani nazari da Ulrich Orth na Jami'ar Bern a Suwizalan ya jagoranta a 2024, wanda ya tattara bayanan mutane fiye da 37,000, ya nuna cewa ji da kai na raguwa yayin da shekaru ke tafiya. Sai dai raguwar ba ta da yawa, kuma wanda ya fi tsaransa ji da kai yana yaro, galibi shi ne ke fin su har bayan ya yi furfura.