Yadda bairos ke mayar da lafiyayyar ƙwayar halitta ta zama sankara

A shekarar 1911 wani likita a birnin New York na Amurka, Peyton Rous, ya niƙa ƙarin da ya fito wa wata kaza, ya tace ruwansa da matacin da ko bakteriya ba ta wucewa, sannan ya yi wa lafiyayyun kaji allurarsa. Su ma ƙarin ya fito musu. Abin da ya ratsa matacin bairos ne. Masana da dama sun yi watsi da binciken, sai a 1966 aka ba shi kyautar Nobel.

A farantin gwaji aka gano yadda abin ke faruwa. Idan aka reni ƙwayoyin halittar dabba a cikinsa, shimfiɗa ɗaya suke yi, da zarar sun taɓa juna kuma sai su daina rabuwa. A 1958 Howard Temin da Harry Rubin suka zuba bairos ɗin Rous a kan ƙwayoyin ɗan tsakon da bai ƙyanƙyashe ba. Waɗanda suka kamu sai suka canja siffa, suka riƙa hawa kan juna tsibi-tsibi, har ana ƙirga tsibin. Dalili shi ne bairos ɗin yana cusa nasa umarnin na gado cikin na ƙwayar, ciki har da wanda ke tilasta mata rabuwa ba tsayawa.

HPV, mai haddasa sankarar bakin mahaifa, ta wata ƙofar yake shiga: sinadarai biyu da yake samarwa, E6 da E7, su ke kashe masu taka wa ƙwayar birki. Galibin mata jikinsu na kawar da shi. Wadda ya zauna wa kuwa, cutar kan ɗauki shekara 10 zuwa 20 kafin ta bayyana.

Najeriya ta fara rigakafin HPV kyauta a Oktoban 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, jihar Sakkwato kuma ta shiga a zagaye na biyu, a 2024. Sai dai a Sabon Birni da Isa, a garuruwa irin su Burkusuma, hare-haren 'yan bindiga na hana ma'aikatan lafiya kai wa ƙauyuka da yawa. Allurar ba ta warkar da wadda bairos ɗin ya riga ya shiga jikinta, shi ya sa ake son yin ta kafin aure. A yankin da ake aurar da 'yan mata da wuri, yarinyar da ta kuɓuce wa zagaye ɗaya tana iya tarewa a ɗakin mijinta kafin na gaba ya iso.