Daga Baitulmali Zuwa Kason Abuja: Waiwaye Kan Kuɗin Makarantar Garinmu

A taron da ya gabata an tayar da maganar gina sabbin ajujuwa a tsohuwar firamaren garinmu, har wasu masu hali suka fara alƙawarin buhunan siminti. Allah Ya saka musu da alheri. Amma kafin a ɗora bulo ko guda, mu da muka ƙare ƙuruciyarmu da alli a hannu mun ga ya dace mu bi sawun kuɗin da ke riƙe da wannan makaranta tun asali, mu ga inda yake fitowa da kuma inda ya saba maƙalewa.

Mun tarar da ƙarshen zamanin En'e muna yara. Tun wajen 1911 Turawa suka soma kafa baitulmali a masarautun Arewa, kuma da Katsina aka fara. Dagatai da masu unguwanni ke tara harajin magidanta, a karɓi jangali a hannun makiyaya, gwamnati ta ɗauki kasonta, sauran ya zauna a hannun ma'aji. Daga nan ake biyan hakimi da alƙali da ɗandoka, daga nan kuma ake biyan malamin elemantare, a sayi allo da alli. Ba yabon wannan zamani muke yi ba. Iyayenmu sun ba mu labarin magidancin da aka shanya a rana saboda ya kasa biya, da wanda ya sayar da akuyar matarsa, da wanda ya bar gari cikin dare. Irin wannan zalunci ne jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, ta yi ta yaƙa ƙarƙashin Malam Aminu Kano. Makarantun ma tsiraru ne. Lokacin da Jihar Yamma ta fara ba da ilimin firamare kyauta a 1955, mu a nan sai an bi gida-gida ana kamo yara kafin aji ya cika. Duk da haka akwai abu guda da ba za mu ɓoye ba: kuɗin yana kusa da mai shi. Manomin da ya ajiye takardar harajinsa a cikin layar hula ya san guminsa ne ke biyan malamin, don haka in malam ya yi fashin aji, maganar takan kai kunnen hakimi kafin mako ya zagayo.

Sai man fetur ya zo ya sauya lissafi. Tsakanin 1973 da 1974 farashinsa a kasuwar duniya ya ninka kusan sau huɗu, kuɗi ya yi wa Legas ambaliya. A watan Janairun 1974, a Sakkwato, Janar Yakubu Gowon ya yi shelar cewa za a ba kowane yaro ilimin firamare kyauta. A 1975 ma'aikata suka karɓi ƙarin albashin Udoji tare da ariyas, kekuna da babura da rediyo suka ƙare a kantuna. A shekarar ce kuma aka yi odar siminti fiye da abin da tashar Legas za ta iya saukewa, jiragen ruwa sama da 400 suka yi cirko-cirko a teku, ana biyan su kuɗin jira, simintin yana daskarewa a cikinsu. Masu alƙawarin buhuna su gafarce mu, ba da su muke ba.

A watan Satumbar 1976 Janar Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin da aka sani da UPE. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 ne za su shiga aji ɗaya, sai kimanin miliyan 3 suka bayyana. A lokacin muna kwalejin horon malamai, ana ciyar da mu, ana ɗinka mana kayan makaranta, har da ɗan alawus na sabulu. An buɗe sabbin kwalejoji cikin gaggawa, an gajarta wa wasu kwas, inda abin ya faskara kuma aka miƙa alli ga waɗanda ba su daɗe da gama aji bakwai ba. 'Yan kwangila suka bazu cikin ƙauyuka suna kafa ajujuwa bibbiyu a bakin hanya, wasu gini na gaskiya, wasu kuwa damina ɗaya ta tona asirinsu. Da muka fito muka kama aiki, mun koyar a ƙarƙashin darbejiya, yara zaune a kan duwatsu da gutsattsarin bulo, kiran suna kaɗai ya cinye darasin farko.

Kada a ɗauka muna kushe shirin ne. Da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu a ofisoshinsu masu sanyi, 'yan UPE ne. Ɗan maƙeri da ɗan wanzami da 'yar mai ƙosai, waɗanda a da ba mai tuna su in ana rabon gurbin makaranta, ta wannan ƙofa suka shiga. A ra'ayinmu, ƙasar nan ba ta taɓa kashe kuɗin mai a kan abin da ya fi wannan amfani ga talakan Arewa ba. Kuskuren shi ne an yi lissafin ginawa, ba a yi lissafin riƙewa ba.

Shekarar 1976 ɗin ce aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, En'e ta zama tarihi. Tsarin mulkin 1979 ya ɗora nauyin firamare a wuyan jihohi da ƙananan hukumomi. A wannan shekara gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna, kuma suna da gaskiya. Ba a jima ba farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982. Wa aka fara mantawa? Malamin firamare. Mun yi watanni ba albashi, masu kanti suka rufe mana littafin bashi, masu gidajen haya suka daina amsa sallamarmu. Haziƙan cikinmu suka koma kasuwa ko ofis, wasu suka riƙe gona da hannu biyu, makaranta da ɗan yatsa. Shirin SAP na 1986 ya ƙara karya darajar abin da ake biya. Aka kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1988, muka ɗan numfasa. Aka rushe ta a 1991, aka dawo da ita a 1993. Haka aka yi ta jifa da mu tsakanin hukumomi uku, kowace tana nuna 'yar'uwarta.

A cikin waɗannan shekaru mun lura da abu biyu. Na farko, mai mulki ya fi son gini a kan komai, domin gini yana da kwangila, yana da allon sanarwa, yana da ranar yanke ƙyalle da maroƙa. Albashin malami da kwalin alli da gyaran kwanon da iska ta yaye ba su da biki. Na biyu ya fi ciwo, domin laifinmu ne: tun da kuɗin ya koma fitowa daga nesa, muka daina tambaya. Muka sa masa suna "kuɗin gwamnati", wato na kowa, wato ba na kowa ba. Jikan wanda ya kai ƙarar malami gaban hakimi saboda fashin kwana biyu, shi ne yau yake tafa wa ciyaman don ya shafa wa bango fenti.

A watan Satumbar 1999, a Sakkwato dai, Obasanjo ya dawo da shirin da sunan UBE. Dokar 2004 ta ware masa kashi 2 cikin 100 na babban asusun kuɗin shigar tarayya, bisa sharaɗin jiha ta ajiye daidai abin da za a ba ta. Jihohi da dama sun sha barin nasu kason yana kwance saboda sun ƙi cika sharaɗin. Kason ƙananan hukumomi 774 kuwa ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, inda yakan rame kafin ya iso. Bayan janye tallafin mai a watan Mayun 2023, yawan nairar da ake rabawa duk wata ya ƙaru ƙwarai, sannan a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa tana wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma, duk mai waya a hannu yana iya dubawa. Mu nawa ne a cikin wannan ƙungiya muka taɓa duba na tamu?

Mun zagaya tsohuwar makarantar bayan damina. Ajujuwan da ba rufi sun fi waɗanda ake karatu a ciki yawa, kuma ko waɗanda ke da rufin ba duka ke da malami ba. Sabon gini zai ƙara ɗakunan da awaki za su kwana ne kawai. Shawararmu ita ce a kafa kwamitin mutum uku daga cikinku mazauna birni, akanta da lauya da tsohon malami, su samo alƙaluman kason ƙaramar hukumarmu na shekara guda, su zauna da sakataren ilimi cikin ladabi, su ji malamai nawa ke cikin takardar albashi da sunan makarantarmu, sannan su zo ran Litinin da safe su ƙirga waɗanda ke cikin aji. Abin da aka tara a gidauniya a rufe ajujuwan da ke tsaye, sauran a ɗauki nauyin 'ya'yanmu masu sha'awar koyarwa zuwa kwalejin ilimi, bisa alƙawarin za su dawo gida su yi aiki. Mun miƙa wannan a rubuce ga sakataren ƙungiya domin a saka shi cikin ajandar babban taro na washegarin Babbar Sallah, muna kuma roƙon masu siminti su dakata mana har zuwa ranar.